Ƙaramin lagireton Garba

Nasiru ne ya fi kowa iya ba da labarin nan, shi ne kuma ya fi kowa ɓata shi. Duk ranar Sallah in kun taru a gidan nan kun ci kun ƙoshi, sai ya gyara zama ya ce ku tuna ranar da Baba ya bar Umma ta tuƙo mota ita kaɗai daga Jos, ku kuma ku bushe da dariya, har jikokina su taya ku alhali ba su san kan zancen ba. Ina jin ku daga ɗaki. Nasirun da ke wannan baki, lokacin da abin ya faru ko mazagin wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Tunda mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ba ta nan balle ta gyara masa, bari ni in rubuta yadda aka yi.

A shekarar da soja suka koma bariki ne. Ina akawu a wani ofishin gwamnati, kujera ɗaya nake kai tun ina da baƙin gashi. Samarin da na sani suna zaman kashe wando a bakin titin Tarauni, ana rantsar da farar hula sai ga su cikin manyan riguna da motoci, suna ɗago mini hannu ta taga, ni kuwa ina kan babur ɗina mai tari. Wannan duk na haɗiye, don ba a gidana suke kwana ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a wannan shekarar Rabi, mahaifiyarku, wadda take unguwarzoma a asibitin koyarwa, ta sami ƙarin girma, ta haɗa abin da ta daɗe tana tarawa ta sayi mota. 'Yar Beljiyam ce, ruwan toka, mai giyar otomatik, irin wadda ba ta da kuloci, ƙafa ɗaya ke aiki ɗayar tana hutawa. Na yi mata Allah ya sanya alheri, kuma da gaske nake. Amma in na fita masallaci da magariba sai wani ya ce, Malam Ado, an ce Hajiya ta yi mota, kai kuma sai yaushe? Ban taɓa yarda na zauna a gefenta tana tuƙi ba. In za mu unguwa tare, ni zan karɓi makulli, in kuwa ba haka ba kowa ya kama hanyarsa.

Sai kuma Garba. Ku kun san shi da Baba Garba mai gareji, tsoho mai ba ku alewa. A lokacin ba tsoho ba ne. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ga fara'a kamar an biya shi ya yi ta, kuma a duk Gyadi-Gyadi shi ne bakaniken da ba ya tsoron buɗe giyar otomatik. Abin da ba a gaya muku ba, Garba ya nemi auren mahaifiyarku kafin ni. Unguwarsu ɗaya, tare suka tashi. Ita da bakinta ta ce ni take so, ina so ku riƙe wannan da kyau. Ya yi aurensa, ya haifi 'ya'yansa, muna gaisawa a wurin jana'iza da ɗaurin aure, shi ke nan. Motar nan ce ta jawo mini shi har tsakar gida, ba da ƙafarsa ba, da bakin matata.

Kanikawan Kano a wancan zamani suna da aƙida ɗaya: motar da ta fito daga Turai ta zo ne sanye da kayan sanyi, dole a tuɓe ta kafin ta iya zama da mu. Farkon abin da suke yi, su cire wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, wanda ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, su jefar a kwata. Sannan su haɗa fanka kai tsaye, ana murɗa makulli ta fara juyawa, ba ta tsayawa sai an kashe mota. Garba ya yi duk wannan, ya kuma ƙara da nasa. Man giya asalinsa yana bi ta cikin babban lagireto ne, ya yanke wannan hanyar, ya kawo wani ƙaramin lagireto na daban, bai fi faɗin faranti ba, ya ɗaura shi a gaba inda iska ke bugunsa, ya ce yanzu ko a tsakiyar bazara aka tsaya a cunkoson Unguwa Uku man giya ba zai tafasa ba. Rabi ta dawo gida tana ta murna, ta ja ni waje in gani.

"Nawa ya karɓa?" na ce.

"Ya ce kyauta ce, Malam. Wai gudummawarsa ta sabuwar mota."

Na duƙa na leƙa. Abin yana ta ƙyalli, an ɗaure shi tsaf, har tiyon an naɗe shi da kyau don kada ya gogi ƙarfe. Ba aikin da ake yi wa kowa da kowa ba ne, ko ni da ban san inji ba na gane haka. Daga ranar gidan nan ya cika da magana guda. Garba ya ce kada a sha mai a gidan mai kaza. Garba ya ce a bar ta ta ɗan yi numfashi kafin a sa giya. Garba ya ce, Garba ya ce, har ku yara kuka ɗauka, in ɗayanku ya ƙi cin tuwo sai ɗaya ya ce Garba ya ce a ci. Ban taɓa zarginta da komai ba, Allah shi ne shaida, kuma duk wanda ya fassara maganata haka ban yafe ba. Amma kishi na yi shi, mai zafi, iri biyu ma. Ina kishin ta wuce ni, ina kuma kishin a cikin abin da ta wuce ni da shi akwai hannun wani namiji, nawa babu ko yatsa. In na je garejin karɓo mata motar, sai ya taso da sauri yana goge hannu yana ce mini yallaɓai. Da ya yi mini rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Da sanyi ya shigo, wajen ƙarshen shekara, Sista Rifkatu za ta aurar da 'yarta a Jos. Ƙawar mahaifiyarku ce tun makarantar koyon jinya, ba yadda za a yi a ƙi zuwa. Muka bar ku wurin Inna, mahaifiyata, a Babban Giji, na karɓi makulli muka kama hanya da rana tsaka. Gaskiya motar ta yi tafiya. Ta hau duwatsun nan ba ko nishi, Rabi tana ta kallon allurar zafi tana cewa ka gani, ko motsi ba ta yi ba. Na ce na gani. Aka yi biki lafiya, muka kwana biyu a gidan Rifkatu, can gefen gari a kan tudu. Ni mutumin Kano ne, ina tsammanin na san sanyi. Ashe ban san komai ba. Da asuba na taɓa ruwan buta na ji kamar an sare mini yatsu, mijin Rifkatu ya ce ai wasu shekarun har ƙanƙara ke kwanciya a kan ciyawa. Ranar da za mu dawo ta fi kowace rana sanyi, ga shi washegari da sassafe Rabi tana da aiki a ɗakin haihuwa, ba wanda zai karɓe ta.

Muka loda kaya, na tayar da mota, na sa giya. Shiru. Can sai ta zabura kamar an tsikare ta. Muka fita titi tana ta gurnani, inji yana ihu, tafiya kuwa ba ta wuce ta mai keke ba, ta ƙi sauya giya sam. Allurar zafi tana kwance a ƙasa ba ta ko ɗaga kai. Na tsaya na bar ta tana aiki, allurar ta ɗan motsa, ina fara tafiya iska ta buge ta ta koma inda take. Muka zagaya muka dawo ƙofar gidan Rifkatu, mutanen biki suka fito cikin barguna suna ba da shawara. Wani ya ce mai ne ya ƙare, wani ya ce giyar ta mutu sai dai a sayi wata. Rabi ta dubi agogonta, ta dube ni.

"Akwai tarho a gidan likitan nan maƙwabcinsu. Bari in buga shagon da ke kusa da garejin Garba, a tambayo mana shi abin da za mu yi."

A gaban mutane ta faɗa. A gaban mijin Rifkatu, da 'yan'uwan ango, da wata tsohuwa mai ɗumama hannu a kan murhu. Ina tsaye da makulli a hannu, ba ta ce Malam me kake gani ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wallahi tallahi, in kika kira mutumin nan, ƙafata ba za ta sake taka cikin motar nan ba."

Rabi ta dube ni. Mahaifiyarku ba mai ɗaga murya ba ce, kun sani.

"Malam, mata za su haihu gobe, ko da motar nan ko babu ita."

Ta gyara mayafinta ta nufi gidan likita. Ni kuma na juya na bi titi ban san inda za ni ba, haƙorana suna kaɗawa, rabi sanyi rabi fushi. A bakin wata mahaɗa na sami mai shayi, na zauna na riƙe kofi don yatsuna su dawo. Ina nan zaune sai na lura da motocin haya da ke jere suna jiran fasinja. Kusan kowace an cusa mata kwali a gaba, wata kwalin sabulu, wata na madara, an ɗaure da waya. Da farko na ɗauka talauci ne, gaban motar ya fashe aka toshe. Sai na ga wata sabuwa fil ita ma da nata. Ban tambayi kowa ba, ina so ku san wannan. Zama na yi na haɗa lissafin da kaina. Mutanen nan rufe motocinsu suke yi don iska ta daina shiga. Tamu kuwa an tuɓe ta tsirara a Gyadi-Gyadi, an sa mata fanka ba dare ba rana, an kuma fito da man giyarta waje an shanya shi a gaban iskar Jos. Man da ya yi sanyi kauri yake yi, kamar man shanu da hunturu, ina zai iya tura giya? Kyautar Garba ce ta kwantar da motar. Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka haifi Nasiru sai dai su yi kunnen doki.

Na roƙi mai shayi kwalin madara, na tsinci waya a ƙasa, na dawo kusan da gudu. Rabi tana tsaye jikin motar, ta ce ba ta sami Garba ba, mai shagon kawai ta bar wa saƙo cewa mota ta ƙi tafiya a Jos, layin ma ya yanke. Na buɗe gaban motar, na yaga kwalin daidai, na zura shi ya rufe ƙaramin lagireton ruf da rabin babban, na ɗaure. Na miƙa mata makulli na ce ta shiga ta tayar ta bar ta tana aiki. Muna tsaye allurar ta fara hawa a hankali har ta kai tsakiya ta zauna. Na ce ta zagaya ta gani. Ta fita titi, muna jin motar ta sauya giya, ta sake sauyawa, ƙararta ta kwanta luf. Mijin Rifkatu ya kama hannuna yana girgizawa yana ce mini injiniya. Ta dawo ta tsaya a gabana, ta buɗe ƙofa za ta koma ɗaya gefen.

"Bismilla, Malam. Rana tana yi."

"Na rantse."

"Yanzu saboda Allah?"

"Kin kira shi, ni kuma na rantse. Ki je, zan biyo motar haya."

Na yi zaton za ta roƙe ni, Rifkatu ta sa baki, a yi ta ba ni haƙuri har in sauko da girmana. Rifkatu kam ta yi ta magana. Mahaifiyarku kuwa cewa ta yi to, ta ja ƙofa ta rufe, ta ɗaga wa mutane hannu ta tafi. Matar da ba ta taɓa tuƙi ya wuce Na'ibawa ba. To ku faɗa mini, a nan wa ya bar wani?

Mijin Rifkatu ya kai ni tasha a kan babur. Na sami motar Kano saura mutum biyu, muka yi ta jira, da ƙyar ta cika. Sai da muka fara gangarowa daga duwatsu, na ji ɗumi ya fara shigowa har na cire hular sanyi, sannan gabana ya yanke ya faɗi. Kwalin. Ban gaya mata a cire shi in an sauko ba. A kan tudu magani ne, a ƙasa kuwa da rana ta take zai dafa injin da giyar gaba ɗaya, ya tsayar da ita ita kaɗai a dajin Falgore, inda ko maza ba sa son tsayawa. Na fara roƙon direba ya ƙara wuta. Wata mata a baya ta ce in ina gaggawar mutuwa in sauka in tafi ni kaɗai. Na manne fuskata a gilashi, duk wata mota ruwan toka da na hango a gefen hanya sai numfashina ya tsaya. Addu'ar da na yi tsakanin Jengre da Saminaka ban yi irinta ba ko a Arfa. Wanda ya bar matarsa ba ya yin haka.

A Saminaka, inda duk motocin Kano ke tsayawa a sha ruwa, na hango ta. Motar tana ƙarƙashin wata bishiya, ita kuma tana zaune a kan benci tana cin gasasshiyar masara hankalinta kwance. Kwalina yana kan murfin inji, an ninke shi biyu, an ɗora masa dutse. Na sauko da jakata na nufe ta.

"Wa ya ce ki cire?"

"Allurar na ga tana hawa. Ni fa ma'aikaciyar jinya ce, Malam, na san zazzaɓi in na gan shi. Wanda ya yi zafi ai yaye masa bargo ake yi."

Ta miƙo mini rabin masarar. Na karɓa, don tun safe shayi ne kawai a cikina.

"Shiga mu tafi gida."

"Rantsuwar fa?"

"Ka yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, ni zan tuƙa tuwon."

Na tsaya na ɗan yi jim don kada a ce na yi saurin yarda, sannan na miƙa hannu ta ba ni makulli. Ta girgiza kai, ta nuna mini ɗaya ƙofar. Haka na zagaya na zauna a gefenta, kwali a kan cinyata, karo na farko tun da aka sayi motar. Ta iya tuƙi, ban taɓa sani ba. Hannu biyu a kan sitiyari, ba ta gudu ba ta kuma jan jiki, in babbar mota ta taho sai ta yi bismilla a hankali ta riƙe layinta. Muna tsakiyar Falgore, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce dabarata ta yi, ita da ba za ta taɓa kawo kwali a ranta ba. Wannan 'yar maganar na yi ta juyawa a raina har Kwanar Dangora, ina jin kaina ya yi girma. Da muka shigo gari muka wuce Unguwa Uku, ni da kaina na ce mu biya ta garejin Garba mu gaya masa kada ya damu, an gyara. Ta ce haka ya dace. Ni kuwa na riga na shirya yadda zan ajiye masa kwalin a kan teburinsa a gaban abokan aikinsa, in ce yallaɓai, ga abin da aikinka ya rasa.

La'asar ta yi sanyi muka isa Gyadi-Gyadi. Garejin a rufe, an zarga sarƙa. Garba da ko ranar Juma'a sai an yi kiran salla yake rufewa. Mai facin taya da ke gefensa, wani dattijo, ya taso ya leƙo ta tagar Rabi, ya dube ta, ya dubi motar, ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Sista, ke ce? Ai Garba tun da hantsi da aka ba shi saƙonki ya sallami masu gyara, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya hau motar Jos. Ko rigar sanyi bai tsaya ɗauka ba."

Wato a hanya muka yi saɓani da shi, wataƙila a cikin dajin nan da nake ta jin kaina. Ba wanda ya ce ya zo. Ko sunan unguwar da muke bai sani ba, Jos kawai aka ce masa. Na juya na dubi mahaifiyarku, ina neman in ga ko za ta yi murmushi, in sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Hannunta yana kan sitiyari, idonta yana kan sarƙar ƙofar.

"Allah sarki, Garba," ta ce.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a hankali, kamar ba da mu take ba. Washegari da yamma ya dawo da mura, bayan ya gama zagaye asibitocin Jos yana tambayar wata Sista daga Kano. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah. Na yi kaffarata, ta tuƙa tuwon kamar yadda ta ce, muka ci gaba da zamanmu lafiya shekara da shekaru, ba ta rage ni da komai ba. Amma na kasa kunne duk tsawon zaman nan, da na yi jinya, da na yi ritaya, da na rasa Inna. Ta ce mini sannu, ta ce mini Allah ya ba da haƙuri, ta yi kuka tare da ni. Waccan muryar ta ƙofar gareji dai ban taɓa jin ta da sunana a ciki ba.